Yadda za ka kafa sabar sada zumunta taka ta kanka a cikin Docker, ko da waya kawai gareka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayar nan ta yi yawa, daga Ringim, daga Gumel, har wani malamin makaranta daga wajen Kafin Hausa ya sake turo ta jiya da daddare: wai ya ake kafa irin dandalin sada zumuntar nan mai kama da Mastodon (shi ma kamar Twitter yake, sai dai kowa na iya kafa nasa) wanda ƙungiyar gari ko ta tsofaffin ɗalibai za ta riƙe abinta, amma kuma mutanenta su iya bin mutanen wasu sabobin duniya ana ganin juna (saba ita ce kwamfutar da ke riƙe dandali a intanet). To ga shi nan na jera muku daki-daki. Ɗora manhajar aikin yamma ɗaya ne, inda ake faɗuwa shi ne wajen zaɓen suna, biyan kuɗin wata, da ajiye kwafi, don haka a nan zan fi tsayawa.

Da wata manhaja mai suna GoToSocial za mu yi aiki, ba Mastodon ba. Duk yaren da sabobinsu ke magana da juna ɗaya ne, ActivityPub, mai asusu a wannan yana bin mai asusu a wancan lafiya lau. Amma Mastodon sai ka tayar da manhajojin da yake dogara da su, PostgreSQL da Redis da Sidekiq, da shi kansa, kwantena huɗu ko biyar (kwantena kamar akwati ce da manhajar Docker ke gudanar da kowace manhaja a ciki daban), kuma in ba ka da RAM kamar giga 2 zuwa sama zai ta shan wahala. GoToSocial kwantena ɗaya ce tak, bayanansa a fayil ɗin SQLite guda, RAM ɗin da yake ci bai cika wuce 'yan ɗaruruwan mega ba. Ga ƙungiyar mutum ashirin ko hamsin wlh ya ishe ku har ya yi saura.

Abin da za ka tanada

Wayar Android ko laftof, sabar haya a waje wato VPS mai RAM giga 1 da Ubuntu ko Debian a kai, sunan domen wato adireshin dandalin a intanet, adireshin imel mai aiki, da katin da zai iya biyan dala. Shikenan.

Kuɗi kuwa, a DigitalOcean mai giga 1 dala 6 ce a wata, Vultr da Linode ma kusan nan suke, Hetzner na Jamus yana da araha sai dai wani lokaci yana neman ka tura hoton katin shaida kafin ya buɗe maka. Ka lissafa da canjin ranar da kake karantawa, kar ka ɗauki lissafin bara. Domen shekara-shekara ake biya.

Akwai masu cewa ai ina da tsohuwar kwamfuta a shago ga sola, me zai sa in biya dala. Dan Allah ka haƙura da wannan tunanin tukunna. Matsalar ba ta wuta ce kaɗai ba, layukan waya irin su MTN da Airtel suna haɗa mutane da yawa a bayan adireshin IP guda ɗaya, don haka sabobin waje ba za su iya shigowa su same ka ba, Starlink ma a tsarinsa na gida haka yake. Kuma wannan harka sai da ƙofa a buɗe dare da rana, sabar da ke mutuwa duk lokacin da hadari ya rufe rana batir ya sauka, saƙonni za su ta ɓacewa, wasu sabobin ma su daina ƙoƙarin turo maka.

Mataki na 1: Sunan domen

Ku zauna da 'yan kwamiti ku yanke sunan kafin a taɓa komai. Mai ƙarewa da .com.ng ko .ng hukumar NiRA ce ke kula da shi, akwai kamfanonin gida da ke sayarwa kuma da naira ake biya, .com.ng ɗin shi ya fi sauƙin kuɗi. Ni a wannan bayanin zan yi amfani da zaure.misali.com.ng a matsayin misali, kai sai ka sa naka a duk inda ka gan shi.

Kar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ a cikin sunan, ka bar shi da baƙaƙen da kowane kibod yake da su, kuma ya zama gajere wanda za a iya faɗa wa mutum a baki a kasuwa ya riƙe.

GARGAƊI: wannan sunan kamar sunan yanka ne, da zarar an yanka rago an raɗa ya zauna. Asusun kowa zai zama @musa@zaure.misali.com.ng kuma haka duk sabobin duniya za su rubuta shi a wajensu. Ba a canza shi daga baya, in kun canza to sabon gida ne, kowa sai ya fara daga farko. Sannan a yi rajistar domen ɗin da imel na ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu suka san kalmar sirrinsa, ba imel ɗin wani saurayi ɗaya da zai tafi cirani Legas ko ya yi fushi da shugaba ya kashe waya ba. In domen ya ƙare ba a sabunta ba wani ya saye, komai ya tafi.

Mataki na 2: Makullin shiga da hayar saba

In da waya kake, sauke Termux, manhajar rubuta umarni, daga kantin manhajoji na F-Droid, buɗe shi ka rubuta:

```
pkg install openssh
ssh-keygen -t ed25519
cat ~/.ssh/id_ed25519.pub
```

Layin da zai fito mai farawa da ssh-ed25519 shi za ka kwafe ka liƙa a wajen kamfanin haya lokacin da kake buɗe sabar, akwai gurbin makullin SSH, wato hanyar da za ka riƙa shiga sabar daga nesa. Zaɓi Ubuntu 24.04, wajen zama kuma ka zaɓi Landan ko Frankfurt ko Amsterdam, sun fi saurin amsawa daga nan a kan Amurka ko Singafo. Za su ba ka adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakani, rubuta shi a takarda.

GARGAƊI: fayil mai .pub a ƙarshe shi ake bayarwa, ɗayan marar .pub ɗin naka ne kai kaɗai, kar ka tura wa kowa ko da wanda ke taya ka aikin ne. Maganar kati kuma, ba kowane katin naira ne ke wucewa ba, ka gwada tun kafin ka tara mutane ka yi musu alkawari, in bai wuce ba sai katin dala.

Mataki na 3: Haɗa domen da saba

Shiga wajen da ka sayi domen, nemi sashen DNS, wato inda ake haɗa suna da adireshin IP, ƙara layi irin na A, suna ka sa zaure, adireshi ka sa IP ɗin nan na takarda. Sai ka jira. Wani lokaci minti goma ya kama, wani lokaci sai an yi awanni. Gwada da:

```
ping zaure.misali.com.ng
```

In IP ɗinka ya fito to ya kama.

GARGAƊI: kar ka yi gaggawar tayar da kwantena kafin wannan ya kama. Let's Encrypt, masu ba da takardar tsaro ta https kyauta, in ka yi ta nema suna kasa tabbatar da kai sau biyar cikin awa ɗaya za su dakatar da kai sai ka jira, kai kuma kana can kana zaton ka ɓata wani abu kana ta goge-goge.

Mataki na 4: Share fagen sabar

```
ssh root@IP_DINKA
apt update && apt upgrade -y
apt install -y tmux ufw
tmux
```

Wannan tmux ɗin mu mutanen karkara shi ne gatanmu. Ka san yadda sabis yake, kana tsakiyar aiki sai 4G ya koma E, ko wani ya kira ka data ta yanke. In ba ka cikin tmux aikin da ke gudana zai iya mutuwa a rabi, in kana ciki kuwa yana nan yana ta yi a can, sabis ya dawo ka sake shiga ka rubuta tmux attach ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kuma wani abin farin ciki, duk manyan abubuwan da za a sauke sabar ce ke saukewa da intanet ɗinta, ba datarka ba, kai rubutu kawai ke zuwa wayarka, mega kaɗan ya ishe ka duk aikin.

Sai katanga, wato ufw mai rufe ƙofofin sabar sai waɗanda ka buɗe:

```
ufw allow OpenSSH
ufw allow 80
ufw allow 443
ufw enable
```

GARGAƊI: layin OpenSSH shi ne na farko, in ka kunna katanga ba ka buɗe shi ba ka kulle kanka a waje, sai ta allon gaggawa na kamfanin haya za ka iya komawa, kuma a waya wannan allon azaba ne.

Ƙara swap na giga 1, wato wuri a faifai da ke taya RAM in ya cika, sabida tashin farko yana cin RAM fiye da kullum:

```
fallocate -l 1G /swapfile
chmod 600 /swapfile
mkswap /swapfile
swapon /swapfile
echo '/swapfile none swap sw 0 0' >> /etc/fstab
```

Mataki na 5: Docker

Wannan ba dogon zance.

```
curl -fsSL https://get.docker.com -o get-docker.sh
sh get-docker.sh
docker compose version
```

In lamba ta fito ya zauna. Abu ɗaya ka riƙe, duk ƙofar da ka buɗe wa kwantena Docker yana buɗe ta ne ba tare da ya tambayi ufw ba, don haka nan gaba in ka ƙara wata manhaja kar ka ce ai katanga za ta tare.

Mataki na 6: Foldar ajiya da fayil ɗin tsari

```
mkdir -p /srv/gts/data /srv/gts/cache
chown -R 1000:1000 /srv/gts/data /srv/gts/cache
cd /srv/gts
nano docker-compose.yaml
```

Kwantena ita kanta ba ta riƙe komai, in aka goge ta aka tayar da sabuwa abin da ke cikinta ya tafi. Foldar data ɗin nan ita ce dukiyar, asusun mutane, rubutunsu, hotuna, takardar https, duk a nan suke zama. Layin chown kuma kar ka tsallake shi, shi ne ke ba kwantenar izinin rubutu a foldar, mafi yawan masu cewa tawa tana tashi tana faɗuwa to shi suka manta.

A cikin nano, wajen rubutun da layin ƙarshe ya buɗe maka, ka sa wannan:

```
services:
  gotosocial:
    image: superseriousbusiness/gotosocial:LAMBA
    container_name: gotosocial
    user: 1000:1000
    environment:
      GTS_HOST: zaure.misali.com.ng
      GTS_DB_TYPE: sqlite
      GTS_DB_ADDRESS: /gotosocial/storage/sqlite.db
      GTS_LETSENCRYPT_ENABLED: "true"
      GTS_LETSENCRYPT_EMAIL_ADDRESS: "imel@misali.com.ng"
      GTS_WAZERO_COMPILATION_CACHE: /gotosocial/.cache
      TZ: Africa/Lagos
    ports:
      - "443:8080"
      - "80:80"
    volumes:
      - /srv/gts/data:/gotosocial/storage
      - /srv/gts/cache:/gotosocial/.cache
    restart: always
```

Inda na sa LAMBA ka duba shafin GoToSocial ka ga fitowar ƙarshe ka rubuta lambarta, irin su 0.19.0 haka ake rubuta ta. Za ka ga wasu suna sa latest, ni ban yarda da shi ba, sabida wata rana za ka ja sabuwa ba da niyya ba ta taɓa maka bayanai kai ba ka yi kwafi ba. Ajiyewa a nano CTRL da O sai Enter, fita CTRL da X, a Termux maɓallin CTRL yana layin da ke saman kibod.

GARGAƊI: wannan fayil ɗin yana da tsanani a kan tazara. Kowane layi da iya shigarsa ciki, sarari biyu-biyu, ba a amfani da Tab. In wani ya turo maka shi ta WhatsApp ka kwafo, sau da yawa tazarar ta rikice, kuma kibod ɗin waya yana da halin maida alamar " ta zama mai lanƙwasa ko ya ɗaga harafin farko ya zama babba. Kashe gyaran rubutu na kibod kafin ka fara, in ka gama ka gwada da docker compose config, in akwai ɓaraka zai faɗa maka layin.

GARGAƊI na biyu kuma shi ya fi girma: ka karanta layin GTS_HOST harafi bayan harafi kafin ka je mataki na gaba, sabida shi ne sunan nan da ba a canzawa. In kana son sunayen mutane su zama gajeru, @musa@misali.com.ng alhali sabar tana zaure.misali.com.ng, ana iya yi da GTS_ACCOUNT_DOMAIN amma yana buƙatar ƙarin saiti a babban domen ɗin kuma dole tun kafin tashin farko. Wanda yau ya fara ina ba shi shawara ya bar wannan.

Mataki na 7: Tayar da ita

```
docker compose up -d
docker logs -f gotosocial
```

Rubutu zai ta gudu. Tashin farko yana ɗan jimawa, yana gina ma'ajiyar bayanai yana kuma haɗa kayan sarrafa hoto da bidiyo, a ƙaramar saba zai iya cin 'yan mintuna, kar ka kashe. In ya lafa ka danna CTRL da C, wannan kallon kawai ya tsayar ba sabar ba, sai ka buɗe https://zaure.misali.com.ng a burauza. Buɗewar farko ma takan ɗan yi nauyi lokacin da take karɓo takardar tsaro. In shafi ya fito babu jan gargaɗi, Alhamdulillah.

In bai fito ba, abu uku ka duba a jere: DNS ya kama kuwa, ƙofa 80 a buɗe take har a katangar kamfanin haya in suna da tasu daban, sai kuma chown ɗin nan.

Mataki na 8: Asusun farko

```
docker exec -it gotosocial /gotosocial/gotosocial admin account create --username shugaba --email imel@misali.com.ng --password 'doguwar-kalmar-sirri'
docker exec -it gotosocial /gotosocial/gotosocial admin account promote --username shugaba
docker compose restart
```

Sunan asusu ƙananan baƙaƙe da lambobi da alamar _ kawai. Kalmar sirri mai rauni ba ya karɓa, sunanka da shekarar haihuwa ba za su wuce ba, haɗa kalmomi huɗu ko biyar. Kuma tunda ka rubuta ta a fili tana nan a tarihin umarnin sabar, da ka shiga sai ka canza ta. Layin restart ɗin ma dole ne, in ba haka ba za ka shiga ka ga ba ka zama admin ba.

Saituna suna zaure.misali.com.ng/settings, a nan za ka sa sunan dandali, bayaninsa, dokoki, da hotonka.

Mataki na 9: Shiga da waya

GoToSocial ba shi da shafin da ake rubutu a ciki kamar Facebook, sai da manhaja. A Android sauke Tusky, ta tambaye ka saba ka rubuta zaure.misali.com.ng, sa imel da kalmar sirri, ka amince. Mai laftof zai iya amfani da Phanpy a burauza. A Tusky akwai wajen kashe sauke hotuna kai tsaye, ku nuna wa mutanenku shi tun ranar farko don data.

Yanzu za ka ga fili fetal babu rubutun kowa, sai ka ce ya lalace. Bai lalace ba. Sabarka ba ta san kowa ba tukunna, abin da mutanenka suka bi shi kaɗai ake turo mata. Nemo cikakken adireshin wani, mai @ biyu, liƙa a wajen bincike, bi shi, daga nan sabbin rubutunsa za su fara shigowa, tsofaffin kuwa ba lallai su zo ba. Haka kuma sabon asusu a nan a kulle yake zuwa, duk mai son bin ka sai ka amince, in ba ka son haka ka cire a saituna, ka kuma duba ko rubutunka na kowa da kowa ne ko kuwa a'a. Dogon rubutu ba matsala, harafi 5000 yake ɗauka, Mastodon 500 ne, masu sanarwar ɗaurin aure da jerin sunayen iyalai za su ji daɗi.

Mataki na 10: Shigo da jama'a

Rajista a rufe take tun asali, kuma ni a ganina a bar ta haka. Mutanen ƙungiya an san su, buɗe wa kowa asusu da umarnin mataki na 8 ban da layin promote, ba shi kalmar sirri ta wucin gadi ya canza. In kun yi yawa har hannu ya gaji, ƙara GTS_ACCOUNTS_REGISTRATION_OPEN: "true" a fayil ɗin tsari ka sake docker compose up -d, mutum zai cike fom kai kuma ka amince ko ka ƙi, amma a nan ya kamata ka saita imel mai fita don saƙon tabbatarwa, wannan aiki ne daban.

GARGAƊI: ka gaya wa jama'a gaskiya tun farko, saƙon da suke turawa tsakanin mutum biyu ba a kulle yake ba irin na WhatsApp, mai riƙe da saba in ya so zai iya gani, haka ma mai riƙe da sabar wancan ɓangaren. Amana ce a wuyanka, kuma maganar da ba a so ta fita kar a yi ta a nan. Sannan duniya ce za ta shigo muku, akwai sabobin batsa da na zage-zage, a saituna ɓangaren admin kana iya toshe domen gaba ɗaya, a samu mutum biyu masu hankali su riƙa duba ƙorafi. Makaranta ko islamiyya da ke son sai wanda aka yarda da shi kaɗai, akwai GTS_INSTANCE_FEDERATION_MODE: allowlist, da shi kowace saba a rufe take sai wadda kuka buɗe da hannu.

Mataki na 11: Kwafi

A cikin fayil ɗin sqlite.db akwai makullan da kowane asusu yake sa hannu da su a saƙonninsa, sauran sabobi sun riƙe su sun san ku da su. In fayil ɗin ya ɓace ka sake ɗora sabuwa a kan domen ɗin nan, makullan sun bambanta, sabobi da yawa za su ƙi karɓar saƙonku, ga mabiya sun tafi. Don haka duk sati, a ce duk daren Juma'a:

```
cd /srv/gts
docker compose stop
tar czf /root/kwafi-$(date +%F).tar.gz data docker-compose.yaml
docker compose start
```

Tsayar da ita kafin kwafi dole ne, kwafin da aka ɗauka ana tsakiyar rubutu zai iya fitowa a lalace kuma ba za ka sani ba sai ranar da kake neman sa. Kwafin da ke zaune a kan sabar kuma bai tsare ka daga komai ba in kamfani ya goge ta sabida bashi, sauko da shi zuwa laftof ko waya da scp, umarnin kwafo fayil daga saba. Zai yi nauyi da lokaci tunda foldar tana ajiye hotunan mutanen waje na 'yan kwanaki, ka bari sai dare lokacin data mai araha ko ranar da ka shiga Dutse ko Kano ka samu wayfai. In aljihu zai ɗauka kunna kwafin kamfanin hayar ma, DigitalOcean da Hetzner kusan kashi 20 cikin ɗari na kuɗin saba suke ƙarawa. Tsofaffin kwafi ka riƙa gogewa, df -h zai nuna maka sauran wuri, in faifai ya cika komai tsayawa yake.

Mataki na 12: Sabuntawa da biyan wata

In sabuwa ta fito karanta bayanin da suka rubuta a kanta, yi kwafi, canza lamba a fayil, sai:

```
docker compose pull
docker compose up -d
docker logs -f gotosocial
```

GARGAƊI: wani sabuntawar yana gyara ma'ajiyar bayanai kuma yana iya daɗewa sosai, shafi ba zai buɗe ba a lokacin. Kar ka tsayar, kar ka yi restart, zauna cikin tmux ka jira ya gama. Komawa tsohuwar lamba bayan an gyara bayanai ba ya yiwuwa sai da kwafin nan.

Kuɗin wata kuma ku sa shi a cikin kuɗin ƙungiya a rubuce, in da hali bayan kaka lokacin da aka sayar da riɗi ko shinkafa kuɗi na hannu a zuba na wata shida ko na shekara a asusun kamfanin hayar gaba ɗaya, yawancinsu suna yarda a ajiye kuɗi suna cira a hankali. Ranar ƙarewar domen a sa ta a kalandar wayar mutum biyu, da tunatarwa wata guda kafin ranar.